Allura da Metadon a Gaban Fiƙihu: Tarihin Shigar Tsarin Rage Cutarwa Ƙasar Maleshiya

A shekarar 1983 gwamnatin Maleshiya ta ayyana miyagun ƙwayoyi a matsayin barazana ga tsaron ƙasa, ta kuma tsaurara dokokinta yadda ba ta taɓa yi ba. Hukuncin kisa ya zama tilas ga duk wanda aka samu da laifin fatauci, kuma giram 15 kacal na heroyin ya isa doka ta ɗauki mutum a matsayin ɗan fatauci. Shi kuwa mai shaye-shaye, wata doka ta wannan shekarar ta ba da damar a tsare shi shekara 2 a cibiyoyin gyaran hali da ake kira Pusat Serenti, inda ake yi masa horo irin na soja da wa'azi da aikin ƙarfi. Shekara 22 bayan haka, wannan gwamnatin ce dai ta fara ba masu shaye-shaye maganin metadon, sannan ta biya kuɗi aka riƙa raba musu sababbin allurai kyauta. Yadda ƙasar da Musulmi suka fi rinjaye a cikinta, wadda ke bin mazhabar Shafi'iyya, ta yi wannan juyi, da irin hujjojin shari'a da aka yi ta ja-in-ja a kansu, shi ne abin da wannan maƙala ta bibiya.

Asalin tsarin

Abin da ake nufi da rage cutarwa shi ne a kula da mai shaye-shaye tun bai daina ba, a kare ransa da lafiyarsa da ta iyalinsa, maimakon a ce sai ya tuba ya bari kafin a dube shi. Tsarin bai taso daga ƙasashen Musulmi ba. A birnin New York na Amurka, likitoci biyu, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka fara gwada metadon a 1964. Shi ma dangin afiyun ne, sai dai sha ake yi sau ɗaya a yini, yana kwantar da azabar ƙishirwar heroyin, kuma idan an daidaita ma'auninsa ba ya jefa wanda jikinsa ya saba cikin maye. Rabon allura kuwa a Amsterdam ta ƙasar Holan ya fara a 1984, kuma ƙungiyar masu shaye-shayen ce da kanta ta ƙirƙiro shi saboda tsoron ciwon hanta.

Cutar ƙanjamau ce ta mai da wannan ƙaramin yunƙuri manufar gwamnatoci. A Edinburgh, inda matsin 'yan sanda ya sa allura ta yi wuyar samu, mutane suka koma karɓa-karɓa da sirinji ɗaya. Binciken da aka buga a 1986 ya gano kimanin rabin masu yi wa kansu allura da aka gwada a wata unguwa suna ɗauke da ƙwayar HIV. A wannan shekarar Liverpool ta buɗe wurin musayar allura, kuma a 1988 majalisar da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan ƙwayoyi ta yanke cewa yaɗuwar ƙanjamau ta fi shaye-shayen kansa haɗari ga jama'a. Masanin fiƙihu da ya ji wannan hukunci zai gane siffarsa nan take: auna ɓarna biyu ne, da zaɓen mafi sauƙi.

Ƙasar Iran ta riga Maleshiya. Bayan juyin juya hali na 1979 an zartar da hukuncin kisa a kan masu fataucin ƙwaya da dama, amma afiyun da heroyin ba su daina kwararowa daga Afganistan ba, kuma ƙanjamau ta ɓulla a gidajen yari. A 2000 aka buɗe asibiti a Kermanshah wanda ya haɗa kula da shaye-shaye da ƙanjamau da cututtukan saduwa a rufi ɗaya. A Janairun 2005 shugaban ɓangaren shari'a, Ayatullah Mahmud Hashimi Shahrudi, ya umarci alƙalai da kada su kawo cikas ga masu raba allura da metadon.

Abin da ya tilasta wa Maleshiya

An gano mai ƙanjamau na farko a Maleshiya a 1986. Cikin shekarun da suka biyo baya, kimanin kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka kamu ta hanyar allurar ƙwaya suka kamu, akasarinsu samari ne Malayawa Musulmi, cikinsu har da masunta na gaɓar gabas. A 2002 sababbin kamuwa sun kusa 7,000 a shekara guda. Cibiyoyin Serenti kuwa sun zama tamkar zuba ruwa a kwando, domin mafi yawan waɗanda aka sallama komawa suke yi. Daga mazajen nan cutar ta fara shiga ɗakunan matansu, daga matan kuma ta kai ga jarirai, mutanen da ba su taɓa ganin heroyin da idonsu ba.

A 2005 rahoton muradun ƙarni na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna Maleshiya ta cim ma burinta a kowane fanni ban da na daƙile ƙanjamau. Wannan abin kunya ya yi tasirin da shekaru na kiraye-kirayen likitoci ba su yi ba. Gwamnatin Abdullah Ahmad Badawi, wanda shi kansa ya karanci ilimin addinin Musulunci a Jami'ar Malaya kuma jikan babban malami ne, ta amince da gwaji. An fara ba da metadon a Oktoban 2005, sannan a farkon 2006 aka fara musayar allura a Kuala Lumpur da Johor Bahru da Penang. Ba ma'aikatan gwamnati ne suka shiga lunguna ba. Ƙungiyoyin al'umma ne ƙarƙashin Majalisar Yaƙi da Ƙanjamau ta Maleshiya, kuma da yawa daga ma'aikatansu tsofaffin masu shaye-shaye ne, waɗanda suka san kangayen gine-gine da ƙarƙashin gadoji inda ake taruwa, kuma ba a gudu idan an hango su.

Muhawarar malamai

Masu adawa ba jahilai ba ne, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Sun kafa hujja da hanin da ya zo a farkon Suratul Ma'ida game da taimakekeniya a kan zunubi, da hadisin da ya haɗa mai ɗaukar giya da mai sayar da ita da mai shayar da ita cikin la'ana tare da mashayin. Wanda ya miƙa allura yana sane da abin da za a yi da ita, in ji su, ina bambancinsa da mai miƙa kofi? Game da metadon kuma sun kawo hadisin Ɗariƙ bin Suwaid da ke cikin Sahihu Muslim, inda Annabi (SAW) ya kore wa giya sunan magani ya kira ta cuta. Sun ƙara da ƙa'idar toshe kafar ɓarna: idan hukuma da kanta ta raba kayan aikin saɓo, yaro zai ɗauka an halatta.

Masu goyon baya sun tsaya a kan ƙa'idojin da ɗaliban Shafi'iyya ke haddacewa daga al-Ashbah wan-Naza'ir na Imam Suyuɗi: cuta gusar da ita ake yi, lalura tana halatta abin da aka hana, kuma idan ɓarna biyu suka haɗu ana ɗaukar mafi sauƙi don kauce wa mafi girma. Suka ce kiyaye rai yana cikin manufofi biyar na shari'a, kuma wanda ya mutu ƙofar tuba ta rufe masa. Allurar ba ita ke kawo shan ba, domin da ita da babu ita mutumin zai yi. Abin da take sauyawa kawai shi ne ko jinin wani zai shiga jikinsa. Nan ne ƙiyasin da aka yi da mai miƙa kofin giya ya yi rauni, tunda illar la'anar can ita ce sauƙaƙa saɓon, alhali nan abin da aka sauƙaƙa shi ne tsira daga cuta. Akwai kuma labarin da Ibnul Ƙayyim ya kawo a I'ilamul Muwaƙƙi'in, cewa Ibnu Taimiyya ya hana abokin tafiyarsa yi wa wasu Tatar masu shan giya inkari, saboda mayen ne ke shagaltar da su daga kisa da kwasar dukiyar mutane. Farfesa Adeeba Kamarulzaman da Shaikh Mohd Saifuddeen sun tattara irin waɗannan hujjoji a maƙalar da suka buga a 2010 kan Musulunci da rage cutarwa.

Mas'alar metadon ta fi ta allura tsohon asali a littattafan fiƙihu. An tambayi Ibnu Hajar al-Haitami, babban malamin Shafi'iyya na Makka a ƙarni na 10 na Hijira, game da wanda ya jarabtu da cin afiyun har ta kai idan ya bari zai halaka. Ya amsa cewa idan hakan ya tabbata, ci ya halatta gare shi, ya ma wajaba, kamar mushe ga wanda yunwa za ta kashe, amma wajibi ne ya riƙa rage ma'auni kaɗan-kaɗan har jikinsa ya yaye. Ibnu Abidin na Hanafiyya ya naƙalto wannan fatawa a Raddul Muhtar. Ke nan malaman da suka gabata sun san jarabar afiyun ciwo ce da ke kama jiki, sun kuma yarda da yaye ta bi-da-bi, kamar yadda haramcin giya ya sauka mataki-mataki daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida.

Sai dai fatawar ba ta dace da aikin likitocin zamani ɗari bisa ɗari ba, kuma masu kafa hujja da ita sukan wuce wannan gaɓa da sauri. Al-Haitami ya rataya halaccin a kan tsoron mutuwa saboda bari, alhali azabar barin heroyin, duk tsananinta, ba kasafai take kisa ba. Abin da ke kisa shi ne komawa: wanda aka tsare wata da watanni juriyar jikinsa ta ragu, idan ya fito ya sha tsohon ma'auninsa sai numfashinsa ya tsaya. Haka nan ya shar'anta ragewa, su kuwa likitoci sun gano cewa waɗanda aka bari a kan metadon shekaru sun fi waɗanda aka gaggauta yaye su tsira. Lalurar tana nan, amma wurinta ya sauya, kuma ƙa'idar da ta ce lalura ana auna ta gwargwadonta tana buƙatar likita ya faɗi gwargwadon kafin mufti ya yi magana.

Masallacin Ar-Rahman da abin da ya biyo baya

A 2010 likitocin cibiyar nazarin shaye-shaye ta Jami'ar Malaya, tare da amincewar hukumomin addini, suka buɗe wurin ba da metadon a harabar Masallacin Ar-Rahman da ke Kuala Lumpur, da kimanin mutum 50. Majinyaci yakan zo ya yi salla, ya zauna da malami, sannan ya sha maganinsa a gaban mai harhaɗa magunguna. Shirin ƙarami ne, amma ya taɓa wani abu da asibiti ba ya iya taɓawa, wato ƙyamar da ta sa mai shaye-shaye ke ganin ba shi da wuri a sahu. Hadisin Bukhari game da sahabin da aka sha yi wa haddi saboda giya, wanda Annabi (SAW) ya hana a la'ance shi kuma ya shaide shi da son Allah da Manzonsa, ya sami fassara a aikace. A shekarar dai hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta ƙasar ta fara mai da wasu cibiyoyin tsarewa asibitocin da mutum ke zuwa da ƙafarsa.

Wani nazari da aka yi da tallafin Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa tsakanin 2006 da 2013 shirye-shiryen biyu sun hana fiye da mutum 12,000 kamuwa da HIV. Wani binciken da aka buga a 2017 ya kwatanta waɗanda aka sallama daga cibiyoyin tilas da waɗanda suka bi asibitocin metadon na ganin dama: rabin rukunin farko sun koma shan ƙwaya cikin kwana 31, na biyu kuwa sai da aka kai kwana 352. Zuwa ƙarshen shekarun 2010, masu allura sun koma ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na sababbin kamuwa.

Dokar hukunta mai shan ƙwaya ba ta gushe ba, kuma an sha samun ma'aikacin ƙungiya ya raba allura da safe, 'yan sanda su kai samame wurin da yamma. Tilascin hukuncin kisa sai a 2023 aka soke shi, aka bar wa alƙali zaɓi. Kasuwar ma ta sauya: metamfetamin, wanda ake kira syabu a can, ya kere heroyin a tsakanin waɗanda ake kamawa, kuma har yanzu ba a sami wani magani da ke yi masa abin da metadon ke yi wa heroyin ba.