Agogo Biyu a Cikin Na'ura Ɗaya

Yaran yanzu suna buɗe perf, kayan auna aiki na Linux, su ga layin kanel da layin manhaja sun jeru kafaɗa da kafaɗa, su ɗauka haka abin yake tun fil azal. Kwanan baya ɗan ƙanwata da ke Shagari ya turo mini hoton sakamakonsa, wai kanel ta amsa kira tun kafin manhajarsa ta yi kiran. "Kawu, ko na'urar ce ta lalace?" Lafiyarta ƙalau. Bai tambaya da wane agogo aka buga kowane layi ba.

Mu da wannan tambayar muka tashi a sana'ar. perf ya shigo Linux a 2009, amma agogon da yake buga hatimi da shi na cikin kanel ne, manhaja ba ta da hanyar duba shi. Sai a 2015, a Linux 4.1, aka ba shi damar zaɓar agogo, bayan an sha ja-in-ja.

Kafin nan dabara muke yi, kuma maigidana ne ya koya mini ita, mutumin Bodinga ne kamar ni, Allah ya jiƙansa. A sa manhaja ta rubuta lokacinta, nan take ta nemi fayil ɗin da kowa ya san babu shi, a saka alama a cikin sunan. Kanel za ta ce babu, amma neman ya riga ya shiga rajista da nasa lokacin. An sami ƙusa guda da ta ratsa agogon biyu ke nan. Masu gyaran GNOME ma sun yi irin wannan da strace wajen 2006. Maigidana dai bai yarda da alama ɗaya ba. Dole biyu, farko da ƙarshe, sannan ya ɗauko biro ya lissafa yadda tazarar ta buɗe a tsakani.

Yana da dalili. Ƙidayar TSC, wadda ake auna lokaci da ita, a tsofaffin kwamfutocin cinya tana bin gudun injin ne. Da an ɗauke wuta na'ura ta koma kan batir, injin ya rage gudu, ƙidayar ma ta bi shi, aikin yini guda ya tashi a banza. Da ya ji fanka ta tsaya sai ya ajiye biron ya ce a sake.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne har yau tarkon yana nan, sai dai ba a ƙara koyar da shi. NTP, mai daidaita lokacin na'ura, yana iya rage wa agogon CLOCK_MONOTONIC gudu ko ya ƙara masa, har rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa a kowace daƙiƙa, amma ba ya taɓa CLOCK_MONOTONIC_RAW. Ina ganin rahotannin da aka gauraya su biyun, kuma an sa musu hannu an wuce da su.