BABI NA UKU: SAUYIN MOTOCI A KAN HANYAR JIBIYA ZUWA MARAƊI, DAGA KAFIRETA ZUWA INJEKTA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bibiyar tarihin motocin da suka riƙa zirga-zirga ta mashigar Magama, a yankin Mazanya cikin ƙaramar hukumar Jibiya, zuwa Ɗan Isa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Za a duba yadda shigowar mota mai giyar otomatik da injin injekta ta sauya yanayin tuƙi, da kuma tasirin hakan a kan direbobi da makanikai.

3.1 Zamanin Fijo da Kafireta

Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a shekarar 1975. Daga nan Fijo 504 ta zama uwa ma ba da mama a tashoshin Arewa, musamman wajen ɗaukar fasinja. Wadda aka saba gani tana da giyar hannu da kuloci, kuma kafireta ce take haɗa mata fetur da iska. Wannan tsari ne ya haifar da wasu ɗabi'u a wurin direbobi. Da sanyin safiya sai an ja cok, an taka totur sau biyu ko uku kafin a tayar. Idan batir ya mutu, yaran mota su tura. A gangara kuma direba yakan fitar da giya ya saki motar firi don ya rage shan mai. Gyaranta ba ya buƙatar fiye da sukundireba da kunnen gwanin makanike.

3.2 Shigowar Motocin Kwatano

Bayan da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari talaka. A wannan shekarar ce kuma aka buɗe iyakokin da aka rufe tun 1984. Sai 'yan kasuwa suka koma sayen motocin da aka yi amfani da su a Turai, ana sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a biyo da su ta Gaya da Dosso da Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi, daga nan su shigo Nijeriya, wasu ta hannun kwastan, wasu ta ɓarauniyar hanya.

Fasahar da ke cikin waɗannan motoci ba sabuwa ba ce a can. Kamfanin General Motors na Amurka ya fitar da giyar Hydra-Matic tun 1939, kamfanin Bosch na Jamus kuma ya sanya injekta mai aiki da lantarki a motar Volkswagen a 1967. Dokar rage hayaƙi da ƙasashen Turai suka fara aiki da ita a 1992 ita ce ta kawar da kafireta daga sababbin motocinsu. Saboda haka motoci irin su Golf 3 suka iso da injekta, yayin da yawancin Camry da Accord na Amurka suka zo da giyar otomatik.

3.3 Yadda Sabuwar Mota Take a Hannun Direba

A injin injekta, wata ƙaramar kwamfuta ce take auna iskar da ke shiga da zafin inji, sannan ta ƙayyade feturin da nozul zai fesa. Don haka ba a buƙatar cok ko taka totur kafin tayarwa. Haka kuma idan mota tana gudu cikin giya direba ya ɗaga ƙafa daga totur, kwamfutar takan tsayar da fesa mai gaba ɗaya. Ke nan sakin mota firi ba ya rage shan mai, domin a lokacin sai an ba inji mai kada ya mutu. Kashe inji a gangara kuwa ganganci ne, saboda birki da sitiyari za su yi tauri.

Ita kuma giyar otomatik ba ta da kulocin ƙafa. Ruwan giya ne yake isar da ƙarfin inji. Shi ya sa mota take tafiya a hankali da zarar an saki birki. Idan aka danne totur ƙasa, giya takan sauka da kanta, inji ya yi ƙara, mota ta zabura. Ba ta tashi da turi, kuma janta da igiya tafiya mai nisa yakan lalata giyar, tunda famfon ruwanta ba ya aiki sai inji na kunne.

3.4 Matsalar Mai da Gyara

A watan Nuwamban 2019, lokacin da iyakoki suke rufe, hukumar kwastan ta hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Wannan ya ƙara tura direbobin yankin wurin 'yan bumburutu. Mai na jarka yakan zo da ƙura ko ruwa, wanda ke toshe nozul. Tafiya da ɗan mai kaɗan kuma tana ƙona famfon da ke cikin tanki, domin feturin ne yake sanyaya shi. Makaniken da ya ƙware a kafireta ya wayi gari yana buƙatar na'urar gano matsala, wadda aka daidaita tsarinta a Amurka a 1996. Wanda bai koya ba, kasuwarsa ta ja baya.

3.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa dokokin Turai da faɗuwar naira su ne suka sauya motocin wannan hanya, ba zaɓin direbobi ba. Hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017 bai mayar da kafireta ba. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 kuwa, sanin halin injekta ya zama abin da ke raba direba da asara. Babi na gaba zai duba kalmomin da wannan sauyi ya shigo da su cikin Hausar 'yan tasha.