Asusun Agajin Marubuta na Ingila: Daga Roƙon Attajirai Zuwa Gadon Marubuta

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin tarihin wani asusu da ke Landan mai suna Royal Literary Fund, wanda aka kafa a shekarar 1790 domin agaza wa marubutan da talauci ya yi wa katutu. Abin da za a fi mayar da hankali a kai shi ne inda kuɗin asusun ke fitowa, domin kuwa mai bayarwa shi ke yanke wanda ya cancanta, kuma daga gare shi ne ake gane ko abin da marubuci ya karɓa sadaka ce ko haƙƙi.

2.0 Asalin Asusun

Mutuwar wani mai fassara ce ta haifar da asusun. Floyer Sydenham masanin harshen Girkanci ne da ya shafe shekaru yana juya ayyukan Aflatun zuwa Ingilishi. Aikin ya sami yabon masana, amma bai sami masu saye ba. Da tsufa ya cim masa sai aka kama shi a kan wani ɗan ƙaramin bashi, ya kuma rasu a tsare a shekarar 1787. Wannan lamari ya girgiza David Williams, wani malami kuma mai wa'azi ɗan yankin Wales, wanda da ma ya daɗe yana kiran a kafa irin wannan gidauniya ba a saurare shi ba. Bayan shekara uku sai ya tara abokansa suka kafa ta.

Tun farko an gindaya ƙa'idoji. Dole mai neman agaji ya kasance ya riga ya wallafa aikin da ake ganin ƙimarsa, ya kuma tabbatar da cewa yana cikin matsi. Ba a taƙaita agajin ga Ingilawa kaɗai ba, kuma ba a bayyana sunan wanda aka bai wa. Mawaƙi Samuel Taylor Coleridge ya sami fam 10 da sule 10 a 1796. A 1799 aka agaza wa Chateaubriand, marubucin Faransa da juyin juya hali ya koro zuwa Landan. Da ya dawo birnin a 1822 a matsayin jakadan ƙasarsa, shi da bakinsa ya tona asirin a gaban taron asusun. Shi kansa Williams bai tsira ba: a gidan asusun ya ƙare kwanakinsa, ana ɗaukar nauyinsa, har ya rasu a 1816.

3.0 Zamanin Liyafa da Tawayen Dickens

Asusun ya sami takardar amincewar masarauta a 1818, aka kuma ƙara masa laƙabin sarauta a 1842. Babbar hanyar samun kuɗinsa a wancan ƙarni ita ce liyafar shekara-shekara, inda 'ya'yan sarauta da attajirai da masu kamfanonin ɗab'i ke haɗuwa a ci a sha, a yi jawabai a kan halin ƙunci da marubuta ke ciki, sannan a karanto sunayen masu ba da gudummawa. Wato an rufa asirin marubuci ɗaya ɗaya, amma an tallata talaucin sana'ar baki ɗaya. Haka kuma kwamitin da ke duba takardun neman agaji bai tsaya ga ingancin rubutu ba, har ɗabi'ar mai nema da aƙidarsa yakan auna.

Wannan ne ya harzuƙa Charles Dickens. Daga 1855 zuwa 1858 shi da John Forster da Charles Wentworth Dilke sun yi ta kai ƙorafi taron shekara-shekara. Hujjarsu ta farko ita ce kuɗin da ake kashewa wajen gudanar da ofis ya yi yawa in an kwatanta da abin da ke isa hannun mabuƙata. Ta biyu ita ce ya kamata marubuta su riƙe ragamar asusun da kansu, a riƙa ba da rance da fansho maimakon kyautar da ke zubar da girma. Duk lokacin da aka jefa ƙuri'a sai a kayar da su, daga ƙarshe Dickens ya janye jiki.

Hujjar Dickens tana da ƙarfi, amma maganin da ya kawo bai yi aiki ba. Tun kafin wannan rikici shi da Edward Bulwer-Lytton sun kafa wata ƙungiya mai suna Guild of Literature and Art, har suka shirya wasan kwaikwayo a gaban Sarauniya Victoria a 1851 domin tara mata kuɗi. A 1865 aka kammala gina gidaje a garin Stevenage domin marubutan da suka gaza. Marubutan suka ƙi tarewa. Dalilin a fili yake: wanda ya karɓi fam 20 a asirce zai iya shiga jama'a da girmansa, amma wanda ya tare a gidan agaji kowa ya san halin da yake ciki. Ƙungiyar ta rushe kafin ƙarnin ya ƙare, tsohon asusun kuwa da aka yi ta suka ya ci gaba da aikinsa.

4.0 Ƙarni na Ashirin

Awon aƙida bai gushe da wuri ba. A 1915 Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tilasta wa James Joyce barin Trieste zuwa Zurich ba shi da abin hannu. W. B. Yeats da Ezra Pound suka tsaya masa, amma Edmund Gosse, wanda ke da faɗa a ji a asusun, ya nuna damuwa cewa bai ga inda Joyce ya bayyana goyon bayansa ga Ingila da ƙawayenta a yaƙin ba. Duk da haka an ba shi fam 75, a daidai lokacin da yake fama da rubuta Ulysses. Joseph Conrad da Bram Stoker da D. H. Lawrence da Dylan Thomas duk sun ci moriyar asusun.

An daina liyafar a 1939. Abin da ya maye gurbinta sannu a hankali shi ne wasiyya, inda marubuta ke barin wa asusun wani kaso na haƙƙin mallakar littattafansu. Daga cikin waɗanda asusun ya amfana da gadonsu akwai Rupert Brooke da Somerset Maugham, amma babu wanda ya kai A. A. Milne, marubucin labarun yara na Winnie-the-Pooh, wanda ya rasu a 1956. An raba haƙƙin labarun gida huɗu: iyalinsa, da makarantar Westminster, da kulob ɗin Garrick, da kuma wannan asusu. Kamfanin Disney ya sami izinin juya labarun zuwa fim a 1961, kuɗin shiga ya yi ta hauhawa, har a 2001 kamfanin ya biya dala miliyan 350 ya saye haƙƙin. Abin mamaki shi ne Milne ya daɗe yana takaicin yadda labarun yaran suka danne sunan sauran ayyukansa.

Da wannan dukiya asusun ya yi wani abu mai kama da burin Dickens. A 1999 ya ƙirƙiro shirin tura ƙwararrun marubuta jami'o'in Birtaniya, su zauna da ɗalibai ɗaya bayan ɗaya suna gyara musu salon rubutun maƙala da kundi, asusun kuma ya biya su ladan aikinsu. Agajin gaggawa da fansho ga tsofaffin marubuta suna nan, tare da sharaɗin nan na 1790 cewa sai kwamiti ya gamsu da ingancin abin da mutum ya wallafa.

Sai dai haƙƙin mallaka yana da wa'adi. Littafin Pooh na farko, wanda ya fito a 1926, ya zama mallakar kowa a Amurka a 2022, a Birtaniya kuwa wa'adin rubuce-rubucen Milne shekara 70 ne bayan rasuwarsa, wato ƙarshen 2026. Saboda haka abin da asusun ke taƙama da shi shi ne ribar jarin da ya zuba da kuɗin cinikin 2001, da kuma wasiyyar marubutan da suka biyo baya.