Lifidin Doki da Ƙirjin Kare: Tarihin Tsaron Karen Farauta a Ƙasar Watari

A Amurka masu harbin tsuntsayen daji sukan sa wa karnukansu wata 'yar riga mai kauri wadda ke rufe ƙirji da ciki. Ana ɗinka ta da zaren nailan mai ƙarfi, launinta ruwan lemo mai haske, domin maharbi ya hango karensa cikin ciyawa kada ya harbe shi. Babban dalilinta kuwa waya mai ƙaya ce, wadda Joseph Glidden ya sami rajistarta a 1874, ta bazu a gonakin ƙasar, sa'an nan da tushiyar hatsi da ƙayoyin ciyawa masu huda fata. Tun kafin wannan, a ƙarni na 17, sarakunan Jamus sun ɗinka wa karnukansu riguna masu kauri saboda haƙoran aladen daji. Tambayar da ta kamata a yi ita ce, me ya sa Hausawa, da suka san farauta da kare tun zamanin da, ba su yi wa karensu irin wannan sutura ba?

Ba rashin sanin sana'ar ba ne. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Masana harshe na danganta kalmar lifidi da libd ta Larabci, watau dunƙulallen gashi. Ashe ke nan shekaru ɗari shida da suka wuce maɗinkan Kano sun iya cusa auduga cikin tufa su kare ƙirjin dabba daga kibiya. Harshen kansa shaida ne ga inda aka zuba wannan gwaninta. Doki yana da sirdi da linzami da likkafa da jalala da lifidi, amma kayan kare ba su wuce igiya da sarƙa da abin wuya na fata ba.

Dalili na farko matsayin kare ne. Doki dabbar sarauta ce da yaƙi, kare kuwa na talaka ne. Shari'a ba ta hana shi ba, domin Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, Risala ta Ibn Abi Zaid kuma, wadda almajiran ƙasar Hausa ke karantawa, ta yarda a ajiye shi don farauta ko tsaron dabbobi. Duk da haka jama'a ba su ɗauke shi abin da za a kashe wa kuɗin tufa ba, balle a zamanin da saƙi ke da tsada har ana cinikayya da shi.

Dalili na biyu lokacin farauta ne. A garuruwan da ke bakin Kogin Watari, wajen Bagwai da Bichi, ba a fita sai an gama kaka an kwashe amfanin gona, a ci gaba har cikin bazara. Kare ba ya gumi kamar doki, da haki yake rage zafin jikinsa. Wanda aka naɗe wa ƙirji da auduga a irin wannan rana ba zai iya bin zomo ba, ko ya tsaya ko ya faɗi. Tsuntsayen da ake nema, fakara da zabon daji, da gudu suke fara tsira kafin su tashi, sai kare ya tashe su mafarauci ya jefe su da gora. Aikin duka na sauri ne, nauyi kaɗan yana ɓata shi.

Amma fa haɗarin yana nan. Akwai tushiyar dawa da gero da aka sare a karkace, akwai sarƙaƙiya da farar ƙaya, da gumbi a bakin kogi, da tsidau da ƙarangiya masu shiga tsakanin yatsu, ga kuma kibiyoyin beguwa. Mafarauta sun bi wata hanya dabam. Sukan rage wa ɗan kwikwiyo kunne don kada ƙaya ko abin farauta ya kama shi, su ɗaura masa laya a wuya kamar yadda su kansu ke ɗaura kambu da guru, su cire ƙaya da hannu su sa magani idan an dawo gida. Watau tsaron kare ya bi tsarin tsaron maigidansa, ɗan tauri mai dogara da asiri da warki, bai bi na barde mai sulke ba.

Dalili na uku ƙasar ce ta sake. A 1965 Mortimore da Wilson suka buga bincikensu a kan karkarar Kano mai cunkoson jama'a, inda suka nuna kusan ko'ina gona ce da ake nomawa kowace shekara ba hutu. Dokar kare namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta ƙayyade abin da za a kashe, manyan namun da suka rage kuma suka koma dazuzzuka irin na Falgore a kudancin Kano. Da aka datse Watari kusa da Bagwai wajen 1980, fadamun da ke ɓoye tsuntsaye suka zama gonakin rani. Dabbar da za ta farke cikin kare ta yi wuya, sai zomo da gafiya da kurege, saboda haka bukatar sulke ta ƙara raguwa.

Hausawa na cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. Rigar Amurka an yi ta don ƙasar sanyi mai shingen waya da bindigogi da yawa. Karen Watari an bar shi da fatarsa saboda zafin rana da irin gudun da ake bukata gare shi. Abin da ya fi gaggawa yanzu shi ne a tattara kalmomi da magungunan da tsofaffin mafarautan wannan yanki ke riƙe da su game da karnukansu, domin a ka suke, ba a takarda ba, masu su kuwa kullum raguwa suke yi.