Tsami da Ɗaci: Tarihin Ɗanɗanon Giya a Ƙasar Bici

Kalmar giya tsohuwa ce a bakin Bahaushe, amma abin da ake kira da ita a yau ba shi ne abin da kakanni suka sani ba. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya lissafa manyan mutanen zamanin Barbushe da sana'o'insu, har da wani Bugazau mai dafa giya. Watau dai sana'ar ta riga Musulunci zama a gindin Dala.

Da jihadi ya kafu a Kano wajen 1807, sai giya ta janye daga birni, ta koma gidajen Maguzawa, waɗanda aka bari bisa al'adunsu suna biyan jiziya. A ƙasar Bici da Gwarzo da Ƙaraye akwai su da dama. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya tarar giya tana cikin tsafinsu da bukukuwansu. Aikin mata ne. A jiƙa dawa, a shimfiɗa ta a lulluɓe har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa cikin manyan tukwane, a bar ta ta kwana ta yi tsami, a sāke dafawa, sa'an nan a zuba mata ragowar tsohuwar giya don ta tashi. Abin da ke fitowa mai kauri ne, ja-ja, mai ƙosarwa kamar kunu. Da ita a ke sallamar 'yan gayya, da ita a ke biki, ita a ke zuba wa iskoki.

To, abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, wannan giya tsami gare ta, ba ɗaci ba. Bahaushe kuwa bai taɓa haɗa kalmomin nan biyu ba. Tsami na nono ne da tsamiya da kunun da ya kwana. Ɗaci na maɗaci ne da maɗaciya, waɗanda sunansu ma daga gare shi ya fito, da shuwaka, da sauran magunguna. Wanda ke marmarin ɗaci don jin daɗi, goro ya ke nema. Saboda haka giyar Bamaguje ba ta da abin tsare ta: bayan kwana ɗaya ko biyu ta lalace. Ba ta zuwa fatauci, sai dai a je mata.

Ɗacin giyar kwalba daga furen wani tsiro mai yaɗo ya ke, wanda Turawa ke kira hof. An ambace shi cikin dokokin wani gidan ibada na Korbi, a Faransa, tun 822, dokar Bafariya ta 1516 kuma ta ce kada a sa kome a giya sai sha'ir da ruwa da shi. Amfaninsa na fari hana ruɓa ne. Shi ya sa Ingilishi suka riƙa cika shi a giyar da za ta yi watanni cikin jirgi zuwa Indiya, har masu sha suka saba, abin da a ka sa don larura ya zama abin nema. Tsiron yana bukatar doguwar ranar bazarar ƙasashen sanyi, ba ya yi a ƙasar Hausa.

Shigowarsa Arewa ba ta zo da sauƙi ba. Yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta hana kai barasa ƙasashen da ba su saba da ita ba, Gwamna Lugga kuma ya riƙe wannan doka da ƙarfi. Amma jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Sabon Gari ya biyo baya, kwalba ta sami masauki. A 1949 a ka fara yin Star a Ikko, a 1962 Guinness ta kafa masana'anta a Ikeja, baƙar giyarta kuwa ɗaci ne tsantsa, a 1963 a ka buɗe wata masana'antar a Kaduna. Suna ɗaya, giya, ya rufe abubuwa biyu, ko da ya ke masu sha sun ware ta gida da sunan burkutu.

A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, sai masana'antu suka juya ga dawa, hatsin nan da matan Maguzawa suka daɗe da sanin sirrinsa. Masana a jami'o'in Nijeriya sun gwada shuwaka da namijin goro ko za su maye gurbin hof, amma kamfanoni suka ci gaba da sayo shi daga waje.

A Bici kuwa tukwanen sun yi ta raguwa tun kafin wannan, domin Maguzawa da yawa sun musulunta, wasu sun shiga addinin Kirista. Da Jihar Kano ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, sai Hisba ta shiga fasa kwalabe, doka kuma ba ta bambanta mai tsami da mai ɗaci ba.