Kami na Dragon Ball: Tarihin Kalma da Sarautar Majiɓincin Duniya

Tsakure

Maƙalar ta bi diddigin Kami, tsohon da ke riƙe da muƙamin majiɓincin duniya a labarin Dragon Ball na Akira Toriyama, ta hanyar tarihin kalmar da ake kiransa da ita. Ta nuna cewa a tsarin labarin basarake ne da ya gaji kujera, kuma ruɗanin da ke tattare da sunansa ya girmi zanen da shekaru fiye da ɗari huɗu.

Gabatarwa

A shekarar 1988 masu karanta mujallar mako-mako ta Weekly Shōnen Jump a Japan suka ga yaro Son Goku ya kafa sandarsa mai miƙewa a ƙololuwar hasumiyar Karin, ta ɗaga shi zuwa wata fada da ke tsaye a sararin samaniya. Bai daɗe da kashe azzalumi Piccolo Daimao ba, ya zo neman wanda zai raya macijin nan mai biyan buƙata da azzalumin ya hallaka. Da mai fadar ya fito, sai Goku ya afka masa, domin fuskarsa da koren fatarsa duk irin na wanda ya kashe ne. Tsohon ya kaɗe shi da ɗan yatsa guda. A ƙirjin rigarsa akwai harafin 神, wanda Japanawa ke karantawa kami, alhali a rigar azzalumin harafin 魔 ne, mai nufin shaiɗanci.

Toriyama, wanda aka haifa a 1955 ya rasu ranar 1 ga Maris 2024, ya zana labarin daga 1984 zuwa 1995, babi 519 a littafi 42. Kamfanin Toei Animation ya mayar da shi zane mai motsi, aka fara nuna shi a tashar Fuji a 1986, sannan ci gabansa mai suna Dragon Ball Z ya biyo baya daga 1989 zuwa 1996. Daga nan ya ratsa duniya, kuma duk harshen da ya shiga sai mafassara sun yi tuntuɓe da wannan tsoho. Ƙamus ya ce musu kami na nufin abin bauta, har ma Mahalicci, amma wanda suke gani a zanen yana tsufa, yana kuskure, yana nadama, yana mutuwa.

Kalmar kafin zanen

Tsofaffin littattafan Japan biyu, Kojiki na shekarar 712 da Nihon Shoki na 720, cike suke da kami masu haihuwa da faɗa da mutuwa. Al'ada na ƙidaya su miliyan takwas, abin nufi shi ne ba su ƙirguwa. Masanin nan Motoori Norinaga (1730 zuwa 1801), wanda ya shafe shekaru fiye da talatin yana sharhin Kojiki, ya bayyana cewa ana kiran abu kami idan ya fita daga abin da aka saba, yana da wani iko mai sa kwarjini, ko mutum ne ko dabba ko dutse ko teku, kuma bai ware mugaye daga ciki ba. A wannan ma'auni nagarta ba sharaɗi ba ce, balle halittar sammai da ƙassai.

Mutum ma kan zama kami, kuma sau da yawa hukuma ce ke naɗa shi. Sugawara no Michizane, babban malami kuma wazirin fada, ya rasu a 903 a Dazaifu inda makirci ya sa aka kore shi. Bayan rasuwarsa masifu suka yi ta aukuwa, har tsawa ta faɗa a fadar sarki a 930 ta kashe manyan fadawa. Aka ɗauka fushinsa ne, aka mayar masa da muƙamansa, aka gina masa ɗakin bauta a Kitano a 947. A yau shi ne Tenjin, wanda ɗalibai ke zuwa wurinsa gabanin jarrabawa. Haka aka yi wa Tokugawa Ieyasu a 1617, shekara guda bayan rasuwarsa, fada ta ba shi laƙabi aka ajiye shi a Nikko.

Nauyin ma'anar Mahalicci daga waje aka ɗora wa kalmar. Da Francis Xavier ya sauka Kagoshima a 1549, ya fara wa'azi da sunan Dainichi, sai daga baya ya gane cewa sunan wani Buda ne na ɗarikar Shingon, ya watsar ya koma ga kalmar Latin, wadda Japanawa suka furta Deusu. Mishan na wancan ƙarni sun guji kami da gangan. A ƙarni na 19 aka sake shawara. A ƙasar Sin mishan 'yan Furotesta sun daɗe suna jayayya tsakanin shangdi da shen, Amurkawa suka fi karkata ga shen, wanda harafinsa shi ne 神. Da aka fassara Sabon Alkawari zuwa Japananci aka kammala a 1880, sai aka ɗauko harafin aka karanta shi kami. Tun daga lokacin kalma guda take ɗauke da kaya biyu da ba su haɗa hanya ba. Ranar 1 ga Janairun 1946, makonni biyu bayan gwamnatin mamaya ta Amurka ta raba addinin Shinto da hukuma, sarki Hirohito ya fitar da sanarwar da ta musanta cewa shi kami ne a siffar mutum. Masu karatu na Yamma da dama sun fahimci ya sauka daga matsayin Mahalicci, matsayin da ko masu tsananin kishin gidan sarautar ba su nufa da wannan ma'ana ba. A wannan yanayi Toriyama ya tashi.

Kujera ce da ake gada

Asalin Dragon Ball wasa ne da Tafiya Zuwa Yamma, labarin Sinawa na ƙarni na 16 da ake jingina wa Wu Cheng'en, haɗe da salon finafinan faɗa na Jackie Chan. Sunan Son Goku shi ne furucin Japananci na Sun Wukong, sarkin birai. Abin da aka fi mantawa shi ne Toriyama ya gaji sararin samaniyar labarin tare da birin. Samaniyar Tafiya Zuwa Yamma fadar gwamnati ce sak, da sarki da ma'aikata da rajista da ƙarin girma. Tawayen Sun Wukong ma ya samo asali ne daga gano cewa muƙamin kula da bargar dawaki da aka ba shi ƙasƙantacce ne. A addinin gargajiyar Sinawa, majiɓincin birni kan kasance wani ma'aikaci nagari da ya rasu, ana iya ɗaukaka shi ko a maye gurbinsa.

Kami na Toriyama ɗan wannan gida ne. Labarin ya ce akwai wani Kami kafin shi, ya je ya nemi ya gaje shi, aka ƙi saboda an hango ɗigon sharri a zuciyarsa. Ya dage da horon kai har ya fitar da sharrin, sharrin ya zama mutum mai zaman kansa, wato Piccolo Daimao, wanda ya addabi duniya kimanin shekara 300 kafin zamanin Goku, sai da malamin faɗa Mutaito ya sadaukar da ransa ya kulle shi a tukunyar dafa shinkafa mai aiki da lantarki. Barkwancin tukunyar halin Toriyama ne, wanda ya raɗa wa azzalumin da yaransa sunayen kayan kiɗa. Amma ƙullin da ke ƙarƙashi ba wasa ba ne. Rai guda ne a jiki biyu, in ɗaya ya mutu ɗayan ya bi shi, kuma ƙwallayen nan bakwai da Kami ya ƙera su koma duwatsu.

Nan ne wannan hali ya fi nauyi. Majiɓincin duniya shi ne tushen babbar masifarta, kuma tsarkin da ya ba shi kujera an same shi ne ta hanyar juye dattinsa a kan talakawan da zai kula da su. Ba zai iya kashe magabcinsa ba face ya kashe kansa. Mai nazari na iya ganin inuwar tsohon tunanin Shinto da ke cewa kami guda na da fuska mai fushi, aramitama, da fuska mai taushi, nigimitama, kamar yadda Michizane mai tsawa ya zama Tenjin na ɗalibai. Sai dai Shinto lallashin mai fushin take yi har ya huce, shi kuwa Kami yanke shi ya yi ya jefar. Labarin bai yaba masa a kan haka ba. A gasar faɗa ta 23 ya shiga jikin wani magidanci ya yi takara da sunan Shen, wanda shi ne furucin Sinanci na harafin rigarsa, da niyyar kulle Piccolo ƙarami, ɗan da azzalumin ya tofar a ƙwai kafin ya mutu. Dabarar ta juye masa, aka kulle shi a 'yar kwalba aka haɗiye. Yaron da ya horar na shekara uku ne ya cece shi. Bayan gasar ya miƙa wa Goku kujerar, Goku ya ƙi, ya hau gajimarensa da amaryarsa ya tafi.

Wannan sashe ya fito a mujalla a 1988, ya kai farkon 1989 a talabijin, daidai lokacin da Hirohito ya kwanta ciwo a Satumbar 1988 ya rasu ranar 7 ga Janairun 1989. Yana da daɗi a ƙulla alaƙa, amma Toriyama ya sha faɗin cewa mako-mako yake ƙirƙirar labarinsa ba tare da dogon shiri ba, don haka iyakar abin da za a ce shi ne yaran Japan na lokacin ba su ga baƙon abu ba a tsohon kami mai gajiya da neman magaji.

Daga nan darajarsa sai raguwa. Da Goku ya mutu, Kami ya raka shi gaban Enma Daio, alƙalin matattu da ya samo asali daga Yama na Indiya ta hanyar addinin Buda, ya tsaya yana roƙo kamar ƙaramin hakimi a gaban sarki. A sama da Enma akwai Kaio, a sama da shi akwai Kaioshin, har zuwa Beerus na fim ɗin 2013. Sannan aka bayyana cewa shi baƙo ne daga duniyar Namek, an turo shi yana yaro saboda bala'in yanayi, ya manta asalinsa. A 1992, da barazanar Cell ta taso, ya amince ya narke cikin Piccolo, kuma Piccolo ne ya riƙe jikin. Takeshi Aono, wanda ya rasu a 2012, shi ya yi muryar Kami da ta Piccolo Daimao duka biyu, zaɓin da ya faɗi gaskiyar labarin tun kafin a kai ƙarshensa.

Ba za a wuce fadar ba tare da ambaton hadiminta Mista Popo ba, baƙi wuluk mai jan leɓe da rawani. Kamanninsa da tsofaffin zane-zanen izgili ga baƙar fata sun jawo suka, har wata tashar yara a Amurka ta rina shi shuɗi a 2010. Rinin ya sauya launi, ya bar tsarin baƙin bara mai hidima ga farin gida yadda yake.

A bakin mafassara

Kowace ƙasa ta warware matsalar gwargwadon abin da take tsoro. Fassarar Faransanci da aka fara nunawa a shirin Club Dorothée na tashar TF1 a 1988 ta kira shi Tout-Puissant, wato Mai Iko Duka, ta kira Piccolo Satan Petit-Cœur, ta mayar da labarin gwagwarmayar Allah da Shaiɗan irin ta coci. Suna ne da bai dace da wanda aka haɗiye a kwalba ba, kuma ta wannan fassara ce masu kallo a ƙasashe rainon Faransa suka san shi. Amurkawa sun bi ta ɗaya gefen: kamfanin Funimation ya bar Kami kamar sunan yanka, ya bayyana aikinsa da mai gadin duniya, kamar yadda fassararsa ta 1996 ta mayar da mutuwa tafiya wata duniya. Fassarar Larabci da aka yi a Dimashƙa aka nuna a Spacetoon, wadda yaran Hausawa na Sudan da Saudiyya za su fi cin karo da ita, ta fito daga ɗakin da aka sani da tace duk abin da ya shafi aƙida.

Mai fassara zuwa Hausa zai tarar da ƙofa ta farko a rufe, domin Allah suna ne da ba ya karɓar jam'i ko magaji, ga Musulmi da Kirista baki ɗaya. Ubangiji, ko da yake asalinsa mai gida ne ko mai bawa, kunnen yau ya keɓe shi. Gunki sassaƙa ne. Iska ta fi kusa da ma'aunin Norinaga, tun da akwai farare da baƙaƙe, kuma birnin Jangare na masu bori, kamar yadda Fremont Besmer ya bayyana shi a littafinsa na 1983, tsarin sarauta ne da Sarkin Aljan Sulemanu da Ɗan Galadima da Sarkin Rafi, har da hawan jikin mutum irin wanda Kami ya yi a gasa. Amma iskoki ba a naɗa su daga cikin masu rai, kuma kalmar za ta jawo wa zanen yara wata rigima ta daban.

Saura kalmomin sarauta, kuma labarin da kansa ya ba da abin gwaji. Bayan Kami ya narke, ƙwallayen suka mutu, Goku ya je sabuwar Namek ya ɗauko yaro Dende, aka ɗora shi a kujerar saboda ya iya ƙera ƙwallaye, aka shiga kiransa Kami daga ranar. Duk kalmar da za a zaɓa dole ta iya sauka daga kan tsoho ta hau kan yaro kamar rawani. Majiɓincin Duniya na iya yin haka, Sarkin Duniya ma na iya, sai dai na biyun zai yi karo da Sarki Furry, karen nan mai tabarau wanda a labarin shi ne ke mulkin ƙasashen duniya daga babban birni.