Hubert Ogunde da Sana'ar Wasan Kwaikwayo Mai Waƙa a Nijeriya, 1944-1990

Tun kafin zuwan Turawa Yarbawa suna da 'yan wasa masu yawo gari gari, waɗanda ake kira alarinjo, asalinsu kuwa daga al'adar dodannin egungun suka fito. Daga baya majami'un Kirista na Ikko da Abekuta suka riƙa shirya wasannin waƙa a kan labarun Baibul, domin tara kuɗin gini ko na wani biki. Na farkon sun dogara ga kyautar sarakuna da attajirai, na biyun kuwa aikin sa kai ne, ana gamawa kowa ya koma ga sana'arsa. Mutumin da ya haɗa hanyoyin nan biyu, ya mai da su sana'a mai albashi, wadda ba ta da wani ubangida sai mai sayen tikiti a bakin ƙofa, shi ne Hubert Ogunde. Galibin abin da ya same shi cikin shekara 46 da ya yi yana wasa, na daɗi da na wuya, daga wannan mataki ya taso.

An haife shi ran 10 ga Yuli 1916 a Ososa, kusa da Ijebu-Ode. Ubansa limamin majami'ar Baptist ne, kakansa na wajen uwa kuwa mai duba ne na addinin Ifa, a gidansa yaron ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa yana jin kirarin gargajiya da kiɗan dodanni. Da ya girma ya yi malanta a makarantar mishan, yana kuma koya wa mawaƙan majami'a waƙa. A 1941 ya shiga aikin ɗan sanda, har aka kai shi Ebute Metta a Ikko. A can ne wata majami'ar Aladura ta nemi ya shirya mata wasan tara kuɗi, ya shirya The Garden of Eden and the Throne of God, watau labarin gonar Adnin da kursiyin Ubangiji. Aka nuna shi a ɗakin taro na Glover cikin watan Yuni 1944, Dokta Nnamdi Azikiwe ne shugaban taron. Abin da ya bambanta shi da na magabata shi ne 'yan wasan ba su tsaya cik suna rera waƙa ba, a'a, suna motsi, suna rawa, suna aikata abin da waƙar ke faɗi, ga kuma gangunan Yarbawa a cikin labarin Baibul.

Karɓuwar da wasan ya samu ita ta sa ya tuɓe kayan sarki, ya kafa ƙungiyarsa a 1945 da sunan African Music Research Party. Wanda ya san darajar aikin Gwamnati a wancan zamani, da albashin ƙarshen wata da begen fansho, ya san wannan ba ƙaramar kasada ba ce. Matsalar da ta fara tare shi ita ce ta mata. Iyaye ba su yarda 'ya'yansu su hau dandamali ba, don ana ganin abin zubar da mutunci ne, wadda ta shiga kuma da ta sami miji sai ta fita. Ya buga talla a jarida yana neman 'yan mata da za a riƙa biya, a wasansa Tiger's Empire na 1946 kuwa aka ga mata suna wasa a matsayin ma'aikata masu albashi. Dabarar da ya ƙare a kanta ita ce auren 'yan wasansa, har matansa suka haura 10, su da 'ya'yansu suka zama ginshiƙin ƙungiyar. Ko me mai karatu zai ce game da wannan dabara, ta riƙe ƙungiyar shekaru da yawa, kuma shugabannin ƙungiyoyin da suka biyo baya da dama sun kwaikwaye ta.

Wanda ke ci daga ƙofa tilas ya yi maganar da ke bakin jama'a, abin da ke bakin jama'ar Ikko a 1945 kuwa shi ne tsadar abinci da yajin aiki. Cikin watan Yuni na shekarar ma'aikatan jirgin ƙasa da na gidan waya da sauransu suka ajiye aiki fiye da kwana 40, suna neman ƙarin kuɗin tsadar rayuwa, Michael Imoudu na cikin manyan jagororinsu. Kafin shekara ta fita Ogunde ya fito da Strike and Hunger, watau yaji da yunwa. Hukuma ta fara sa masa ido, domin jarida sai mai karatu, amma waƙar Yarbanci da aka ji a ɗakin wasa da dare, da safe tana bakin 'yan kasuwa da leburori. Da ya kai wasanninsa Jos a 1946 'yan sanda suka hana shi, aka kuma ci shi tara. A 1947 da ya nemi fasfo don zuwa Ingila aka ƙi ba shi, sai da jaridun 'yan kishin ƙasa, musamman West African Pilot ta Azikiwe, suka yi ta surutu sa'an nan aka sake. Ya tafi tare da matarsa Clementina, wadda aka fi sani da Adesewa, suka koyo raye-rayen dandamali irin na Turawa.

Wannan tafiya da wadda ya yi zuwa Gwalkwas a 1948 sun sauya kamannin wasansa. A Gwalkwas ya nuna King Solomon da Yarbanci, mutane ba su ji ba, ya dawo da hasara. Bai yi fushi da 'yan kallo ba, sai ya dubi abin da 'yan wasan ƙasar ke yi, ya koma musu da Swing the Jazz, mai kiɗan zamani da barkwanci da Turancin kasuwa, ya ci riba. Daga nan tsarin da aka san shi da shi ya zauna. Ana buɗewa da waƙar share fage, 'yan mata na rawa, shi kansa yana busa kakakin Turawan nan da ake kira sakzafon. Sa'an nan a shiga labari, wanda a da duk rera shi ake yi, amma yanzu aka sa magana tsakanin waƙoƙi. A rufe da wata waƙar. Ba a rubuta maganganun 'yan wasa kalma kalma ba. Shugaba ya tsara labari da waƙoƙi, a yi ta gwaji har kowa ya san inda zai shiga da inda zai fita, sauran kuwa ya rage ga hazaƙar ɗan wasa da yanayin 'yan kallon daren. Wannan ne ya sa masu nazari ke wahala a kan wasanninsa fiye da 50, domin abin da ya rage na yawancinsu waƙoƙi ne a faifan garmaho, da tallace-tallacen jarida, da abin da tsofaffin 'yan wasa suka riƙe a ka. Littafin Ebun Clark na 1979 da irin waɗannan kayan aka gina shi. A 1950 sunan ƙungiyar ya koma Ogunde Concert Party.

Ran 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka buɗe wa masu haƙar kwal wuta a Iva Valley kusa da Inugu, suka kashe mutum 21. A shekara mai zuwa Ogunde ya mai da abin wasa, ya sa masa suna Bread and Bullet, watau burodi da harsashi. Da ya hau da shi Arewa a 1951 aka hana shi a Kano, aka kama shi bisa tuhumar zuga jama'a su ƙi Gwamnati. Tuhumar ba ta tsaya ba, amma aka ci shi tarar fam 6 don ya manna takardun talla ba da izini ba. An kuma hana shi a Kaduna da Makurɗi. Ya kamata a lura da su wane ne 'yan kallonsa a waɗannan garuruwa: galibi mutanen Sabon Gari ne, akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa na Kudu, watau ainihin mutanen da suka san yajin aiki. Ga shi kuma watanni kaɗan kafin nan, cikin Agusta 1950, an kafa jam'iyyar NEPU a Kano, hukuma ba ta son wani abin da zai ƙara hura wuta. Wasan kwaikwayon Hausa da aka buga a wannan zamani, irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau na 1949, a makaranta ya tashi, malamai ke kula da shi, manufarsa koyarwa. Na Ogunde kuwa a babbar mota yake zuwa, da kayan kiɗa da fitilu da labule, ya kama ɗakin taro ko gidan silima, ya kwana biyu ya wuce, ba mai iko da abin da zai faɗa sai in an rufe ƙofar gaba ɗaya.

Sauran shekarun 1950 ya fi karkata ga labarun zaman birni, na soyayya da kuɗi da yaudara, wasu masu nazari na ganin nan ne aikinsa ya fi rauni. A 1960 aka ba shi aikin shirya Song of Unity don bikin samun mulkin kai.

Babban gwajinsa ya zo ne a hannun 'yan'uwansa Yarbawa, ba a hannun Turawa ba. A 1962 jam'iyyar Action Group ta tsage biyu tsakanin Cif Obafemi Awolowo da mataimakinsa Cif Ladoke Akintola, Firimiyan Jihar Yamma, a 1963 kuma aka ɗaure Awolowo shekara 10 bisa laifin shirya kifar da Gwamnati. Cikin Fabrairu 1964 wata ƙungiyar al'adu ta magoya bayan Akintola, Egbe Omo Olofin, ta gayyaci Ogunde ya yi mata wasa a Badun. Ya kawo Yoruba Ronu, ma'anarsa Yarbawa ku yi tunani. Labarin wani sarki ne, Fiwajoye, wanda mataimakinsa ya ci amanarsa, ya miƙa shi ga abokan gaba aka tsare, shi ya haye gadon yana zaluntar talakawa, har jama'a suka gaji suka kawar da shi, sarkin gaskiya ya komo. Ba a ambaci sunan kowa ba, ba a kuwa bukatar a ambata. Akintola yana zaune a ɗakin, ya tashi ya fita tun ba a gama ba. Gwamnatin Jihar Yamma ta haramta wa ƙungiyar yin wasa a ko'ina cikin jihar, aka kuma daina sa waƙoƙinsa a gidan rediyo da talbijin na jihar.

Nan ne amfanin dogaro da ƙofa da haɗarinsa suka bayyana tare. Maroƙin fada ba ya iya yi wa ubangidansa irin wannan a gaban idonsa, sai dai ya yi zambo ga abokin hamayyar ubangidan. Ogunde ya iya, domin wanda ya gayyace shi daren nan ba shi ke ciyar da shi ba. Amma masu ciyar da shi ɗin a Jihar Yamma suke, Badun da Abekuta da Ijebu da Oshogbo da Ondo, aka kuwa raba shi da su kusan shekara 2, da iyali masu yawa a wuyansa. Abin da ya cece shi shi ne Ikko tana ƙarƙashin Gwamnatin Tarayya, dokar ba ta kai can ba, faifan waƙar kuma ya yi ta shiga gidaje. Bai janye ba, sai ma ya mai da martani da wani wasan, Otito Koro, watau gaskiya ɗaci gare ta. An kashe Akintola a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, Gwamnan soja na Yamma, Laftanar Kanar Adekunle Fajuyi, ya ɗage haramcin a shekarar. A gaskiya wasan ba na mai tsayawa tsakani ba ne, ɓangare ɗaya ya ɗauka ƙiri-ƙiri, kuma kiran da ya yi ga kabila ɗaya ne, alhali wasanninsa na zamanin Turawa da sunan ma'aikatan ƙasa duka suka yi magana.

Bayan wannan sai ya zama ɗan gaban goshin hukuma. Gwamnati ta aika da ƙungiyarsa babban baje kolin duniya na Montreal a Kanada a 1967, suka biya ta Amurka suka yi wasa a gidan Apollo na unguwar Harlem. A 1970 Adesewa, wadda ita ce tauraruwar ƙungiyar tun farko, ta rasu a haɗarin mota. A lokacin hanyar da ya share ta cika da mabiya. Kola Ogunmola da Duro Ladipo da Oyin Adejobi da Moses Olaiya, mai barkwancin nan da aka sani da Baba Sala, kowa da ƙungiyarsa da motarsa, har zuwa wajen 1980 ƙungiyoyin Yarbawa masu yawo sun haura 100. Jami'o'i sun fi ɗaukaka Ladipo da Ogunmola a shekarun 1960, don ana ganin nasu ya fi kusa da gargajiya tsantsa, na Ogunde kuwa ya cika haɗe-haɗe. Shi ma da ya ga inda iska ta juya ya rage kayan busa na Turawa, ya koma ga ganguna da tatsuniyoyin Yarbawa.

Sauyinsa na ƙarshe shi ne shiga silima. Wasansa Aiye, labarin gwagwarmayar wani mai duba da ƙungiyar mayu, Ola Balogun ya ɗauke shi a fim a 1979, ya kuwa jawo jama'a ƙwarai. Jaiyesimi ya biyo a 1980, Aropin N'tenia a 1982, Ayanmo a 1988, ya kuma gina wurin ɗaukar fim a mahaifarsa Ososa. Lissafin a fili yake: fim ɗaya ana iya nuna shi a garuruwa da dama a dare ɗaya, ba ciyar da mutum 40 a hanya, ba gyaran mota. Sauran ƙungiyoyi suka bi sahu, da kuɗin ɗaukar fim ya gagara bayan faɗuwar darajar naira suka koma bidiyo, wasan dandamali mai yawo ya yi ta ja da baya har ya kusan ɓacewa. Jami'ar Ife ta ba shi digirin girmamawa a 1985, Jami'ar Ikko a 1986, a wannan shekarar kuma Gwamnatin Tarayya ta ɗora masa aikin haɗa ƙungiyar wasa ta ƙasa. Aikinsa na ƙarshe a gaban na'urar ɗaukar hoto shi ne fim ɗin Mister Johnson na Bruce Beresford, wanda aka ciro daga littafin Joyce Cary aka kuma ɗauka a Arewacin Nijeriya. Ciwo ya kama shi a lokacin aikin, aka kai shi London, ya rasu a can ran 4 ga Afrilu 1990 yana da shekara 73, aka komo da gawarsa Ososa aka binne.